Waya a Tsaye Ko Kyamara a Kwance? Shawara Ga Mai Son Yi Wa Waƙarsa Bidiyo a Gusau

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya iske ni a shago nan Tudun Wada, ina fama da editin wani biki da mai shi ya dame ni da waya tun safe. Ya gaishe ni, ya zauna kan benci, ya miƙo mini wayarsa da abin saƙalawa a kunne. Muryarsa ce. Waƙar soyayya, minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi, kiɗan fiyano da ɗan kalangu a ƙasa, amshin kuma irin mai maƙalewa a baki. Da ta ƙare na cire abin, sai ya ce, "Kawu, na tara 'yan kuɗɗi. Bidiyo nika so. In kira mutanen Kano su taho da kyamara, ko in yi da waya awa yadda yara ka yi?"

Na fara ɗaukar bidiyon biki tun ana saɓa kyamara a kafaɗa kamar buhun gero ana zura mata kaset. Na ga zuwan faifan CD, na ga tafiyarsa, na ga memori ya gaje shi. Kyamara ce ke ciyar da gidana, don haka wanda ya san ni zai ɗauka amsata a shirye take. Sai na mayar masa da tambaya: idan an gama bidiyon, ina za ka sa shi? Ya yi shiru, don shi bai taɓa ganin abin da ya haɗa maganar biyu ba.

Abin da ya haɗa su kuwa shi ne yadda mutum ke riƙe waya. Mai kallon TikTok a tsaye yake riƙe ta, hoton dogo ne siriri, wanda masu editin ke kira 9:16. Cikakken bidiyon waƙa na YouTube kuwa a kwance yake, 16:9, irin fuskar talabijin. Idan aka ɗauke ka a kwance, kana tsakiya da 'yan amshi biyu dama da hagu, ranar da ka zo yanka shi don TikTok su biyun za su ɓace, a bar ka kai kaɗai da rabin hannun wata. Idan kuma a tsaye aka ɗauka ka kai shi talabijin, sai ka ga kanka a matse tsakanin baƙaƙen bango biyu kamar mai leƙe ta ƙofar zaure. Shi ya sa zaɓin ba na na'ura kaɗai ba ne. Hanyoyi biyu ne, kowace da kayanta da kasuwarta da irin ribarta: waya da TikTok a gefe guda, mai kyamara da YouTube a ɗayan.

Kafin in shiga kwatanta su, akwai abin da babu wadda ke gyarawa a cikinsu. A bidiyon waƙa ba a ɗaukar murya a wurin ɗauka. Mamin ake yi: a kunna waƙar a sifika, mawaƙi ya bi da baki, daga baya edita ya cire sautin wurin ya ɗora na sutudiyo. Abin da kunnen mutane zai ji tun a sutudiyo aka gama shi. Shekarun baya wani yaro ya kawo mini aiki, ya sayar da ragunansa biyu, ya yi hayar mota, ya ɗinka shadda kala uku, muka kwana biyu muna ɗauka. Hoton ya fito tas. Amma waƙar a wani ɗaki aka naɗe ta da janareto na kuka a bayan taga, kiɗan ya danne murya, duk inda ya ɗaga harshe sai sifika ta yi tsatsa. Na gaya masa tun farko, ya ce hoto zai rufe. Bai rufe ba. Mutane suna yafe wa hoto mai ɗan duhu, amma kunne ba ya haƙuri ko na daƙiƙa biyar. Duk hanyar da za ka bi, in kuɗinka dubu ɗari ne, kada ka taɓa ko sisi don bidiyo sai ka tabbatar an haɗa sautin yadda idan aka sa shi a ƙaramar itel ta mai shayi zai fita garau, don a irin waɗannan wayoyin za a fi jin ka.

To, hanyar waya. Yawancin wayoyin da ke hannun samari yanzu, Tecno ko Infinix ko Redmi ko Samsung, suna ɗaukar hoto mai ƙarfin 1080p, kuma wannan ya wadatar da TikTok har da ragowa. Matsalar waya ba ƙarancin ƙarfi ba ce, ƙanƙantar idonta ce. Idon nan ɗan mitsitsi ne, haske mai yawa yake so. Da rana a fili za ta ba ka hoton da sai gwani zai bambanta shi da na kyamara. Da zarar magariba ta kawo kai, ko aka shiga ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, sai hoton ya cika da tsaki-tsaki, fuska ta narke. Saboda haka mai waya ba shi da zaɓin lokaci sosai: daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Rana tsaka ita ce mafi muni. Inuwar hula tana rufe ido, farar shadda tana ƙonewa ta zama fari fat ba a ganin aikin wuya, wayar kuma garin ƙoƙarin daidaita farin sai ta mayar da fuskarka baƙi ƙirin. Maganin wannan shi ne a danna fuskar mawaƙi a kan allo a riƙe har hasken ya kulle, kuma a guji farin kaya. Shuɗi, ruwan ƙasa, kore mai duhu, duk sun fi zama lafiya da waya. Kwanakin hunturu da hazo ya ɗan rufe rana, hasken nan mai laushi kyauta ce daga Allah, in dai za ka riƙa goge idon wayar da gefen riga kafin kowace ɗauka. A bazara kuwa, cikin Maris da Afrilu, wayar kan ɗau zafi ta tsayar da ɗauka da kanta, sai an kai ta inuwa ta huce.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma su ke raba aikin hankali da na gaggawa. A yi amfani da kyamarar baya, ba ta salfi ba. A sa wayar a yanayin jirgi, don babu takaicin da ya kai a yi baiti mafi kyau sai kira ya shigo. A samu ƙafar ɗora waya, ko a jingina ta da wani abu, domin hannun aboki yana rawa ko da ya rantse ba ya yi. A ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe sau uku ko huɗu a wurare daban, sau ɗaya daga nesa, sau ɗaya kusa da fuska, sannan a zauna a haɗa da manhajar editin ta waya irin CapCut ko InShot ko KineMaster. Yaron da ya ba abin mako biyu zai iya daidaita baki da murya. Kuɗin da ke fita a nan na data ne, da caji, da ɗan abin da za ka sayi lemo ga wanda ya riƙe maka waya.

Abin da ya sa waya ta dace da TikTok ya wuce maganar tsayuwar hoto. Dandalin, wanda kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ya mallaka, yana nuna bidiyonka ga mutanen da ba su san ka ba, ba sai mabiyanka kaɗai ba. Yana gwada shi ga 'yan kaɗan, in sun tsaya sun kalla har ƙarshe ko sun maimaita, sai ya ƙara tura shi gaba. Wanda bai da mabiyi ko goma zai iya wayar gari ya ga dubbai sun gan shi. Sannan ga babban abin: kowa na iya ɗaukar sautinka ya yi nasa bidiyon a kai. Amarya a wurin ƙunshi, ɗan acaɓa da ya wanke mashin, 'yan makaranta ranar kammala karatu. Idan amshinka ya shiga, su za su yi maka bidiyo ɗari ba ka biya kowa ba, kuma a nan tashe yake. Ba cikakkiyar waƙa ake so a can ba, daƙiƙa goma sha biyar zuwa talatin mafi daɗi ake so, kuma a fara da su kai tsaye. Gabatarwar da mawaƙanmu suka saba, a yi kiɗa na rabin minti, a ambaci sutudiyo, a gaida mai gida, duk kafin a shiga waƙa, a TikTok kafin ka gama gaisuwa yatsa ya wuce da kai.

Akwai tarko ɗaya da nake so kowane mawaƙi ya sani. Sautin da aka fara ɗorawa a TikTok yana ɗaukar sunan asusun da ya ɗora shi. Idan ka rarraba waƙarka a WhatsApp tun kafin ka sa ta a shafinka, wani mai mabiya da yawa ya riga ka, to duk wanda ya yi bidiyo da ita sunan wancan zai gani a ƙasa. Waƙarka tana yawo, ana tambayar wa ya yi ta. Kai ka fara ɗorawa, ka sa wa sautin sunan waƙar da naka, sannan ka saki.

Raunin wannan hanya shi ne ba ta da tuni. Abin da ya yi tashe wannan makon, mako mai zuwa wani ya danne shi, kuma wanda ya so amshinka ba lallai ya san fuskarka ba. Maganar kuɗi ma a faɗe ta a fili: shirin da TikTok ke biyan masu bidiyo gwargwadon kallo yana aiki a ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Faransa, Najeriya ba ta cikinsu a lokacin da nake wannan rubutu. Abin da mutanenmu ke samu a can daga kyaututtukan hawa laif ne, wanda sai ka kai shekara 18 kuma ka tara mabiya wajen 1,000, sai kuma talla da 'yan kasuwa ke bayarwa. Ga mawaƙi, ribar gaske a waje take zuwa: a kira ka biki, a ba ka kwangilar waƙar amarya da ango, mai shagon atamfa ya ce ka yi masa ta talla.

Yanzu mai kyamara. Ba zan rage wa sana'ata daraja ba, akwai abin da take yi wanda waya ba ta kai ba. Babban ido da gilashi mai kyau suna fito da mutum su dusar da bayansa, fata ta fito da launinta, ana iya ɗauka da dare da fitilu, kuma wanda ya iya aikin yana ganin abin da kai ba ka gani: inda za ka tsaya, lokacin da za ka juyo, yadda labari zai tafi daga baiti zuwa baiti. Darakta nagari ya fi kyamararsa tsada. Bidiyon da aka yi haka za ka iya nuna wa kowa shekara biyar masu zuwa ba ka sunkuyar da kai ba, kuma mai son ɗaukar nauyinka yana auna ka da shi.

Sai dai farashin da aka faɗa maka a waya ba shi ne farashin ba. Idan daga Kano ko Kaduna za su zo, kuɗin mota naka ne, masauki naka ne, abinci naka ne, man janareton fitilu naka ne, kuma ba wanda zai yarda ya biyo hanyar Funtua da dare, don haka aikin yini ɗaya ya zama kwana biyu ko uku. Ga mai kwalliya, ga kayan sawa, ga 'yan rawa in akwai. Bayan an watse sai jiran editin, wanda kan ɗauki makonni in aiki ya yi wa edita yawa, kai kuma kana ta kira ana ce maka gobe. Masu yi a nan Gusau muna nan, kuma mun fi sauƙi ta fuskar zirga-zirga, amma mu ma kada ka biya kowa sai ka ga bidiyon waƙa guda biyu da ya yi da hannunsa. Ɗaukar biki daban, bidiyon waƙa daban. Biyan kuɗi kafin ganin aiki cinikin biri a sama ne.

Wasu za su kwaɗaita maka diron, ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoton gari daga sama. Ni dai a jihar nan ba na ba kowa wannan shawara. Tashi da diron a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma ba mu manta ba a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara gaba ɗaya. Abin da zai sa jami'an tsaro su zagaye ka saboda daƙiƙa shida na rufin kwano, bar shi.

Gidan bidiyon kyamara shi ne YouTube, kuma halinsa kishiyar na TikTok ne. Yana da nauyin tashi, sabon shafi kan yi watanni ba wanda ya leƙa. Amma abin da ka ajiye a can yana nan, ana nemansa da suna, kuma yana ci gaba da tara kallo shekara da shekaru. Rumbu ne. Dandalin ya fara a 2005, Google ya saye shi a 2006, kuma yana biyan 'yan Najeriya kai tsaye daga kuɗin talla, kashi 55 cikin ɗari ga mai bidiyo a dogayen bidiyoyi. Wannan ne ke ruɗin yara, sai ka ji an ce wane yana karɓar dala. To bari mu yi lissafin. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. Waƙar ɗan yayata minti huɗu ce, ke nan sai an kalle ta sau 60,000 daga farko har ƙarshe, in kuwa rabi ake kallo a tafi, kamar yadda aka saba, sai 120,000. Ɗaya ƙofar, a madadin awannin nan, ita ce kallo miliyan 10 na gajerun bidiyon Shorts cikin kwana 90, wadda ta fi wannan nisa. Ko ka tsallake, ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100, kuma kafin nan Google zai aiko maka da lambar tantancewa a takarda ta gidan waya, don haka adireshin da ka rubuta ya zama wanda wasiƙa za ta iya isa. Tallar da aka nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar kuma ba ta kai kuɗin wadda aka nuna wa na Saudiyya ko Turai ba. Wanda ya zuba jarinsa a bidiyo ɗaya yana jiran YouTube ya mayar masa, zai daɗe kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Amma juya lissafin nan ka gani. Waƙar minti ashirin sau 12,000 kawai take buƙata. Wannan ya sa na ce ba kowa ne shawarata ta farko ta shafa ba. Ƙasar nan ta makaɗan fada ce, masu kotso na Maradun da Faru, ga na noma da na dambe, ga sha'irai masu bege da mandiri. Waƙarsu doguwa ce, daɗinta a jerin baitoci yake, mai saurarenta kuma dattijo ne ko direba ko tela da zai kunna ya bar ta tana yi har ta ƙare. Irin wannan in ka yanka ta daƙiƙa ashirin ka kashe ta. Ga mai irin wannan waƙa, YouTube ne gida tun ranar farko, kuma bidiyonsa ba ya son ƙyale-ƙyale: kyamara biyu a kan ƙafa, makirfo mai kyau a gaban mai waƙa da wani a gaban 'yan amshi, a zauna a tabarma a yi ta yadda ake yi a ƙofar fada. A nan ne kaɗai ake ɗaukar sauti a wurin, kuma a nan ne nake cewa a nemi ƙwararre ko da bashi za a ci, don makirfon waya ba ya iya ɗaukar kotso da murya tare. Sai a lura, sabon shafi ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti 15 sai an tantance shi da lambar waya.

Haka wanda wani zai biya masa. In ango ne ya ba da kwangila, ko ɗan takara, ko ƙungiya, to kyamara suke so su gani, kuma kuɗin ba naka ba ne. Waƙar siyasa ma ta fi gudu a Facebook, inda manya da 'yan jam'iyya suke, fiye da ko'ina.

Maganar mallaka ta shafi hanyoyin biyu, amma ta fi cizo a YouTube. Dandalin yana da na'urar da ke sauraron duk abin da aka ɗora ta gwada shi da waƙoƙin da masu su suka yi wa rajista, ana kiran ta Content ID. Idan kiɗan da ka hau a intanet ka sauke shi don an rubuta kyauta ne, ranar da waƙar ta fara motsi za ka iya ganin an ce kuɗin tallarta na mai kiɗan ne. In kuma aka kai ƙarar shafinka kan satar fasaha har sau uku, rufe shi ake yi. TikTok shi kan cire sautin ne kawai ya bar ka kana motsa baki kamar kifi. Ka sa a buga maka kiɗanka a sutudiyo, ku rubuta a takarda cewa ka biya kuma naka ne. Da mai kyamara ma ku yi magana tun kafin a kunna fitila: a shafin wa za a ɗora, kuma zai ba ka ɗanyen hoton da aka ɗauka ko kuwa gamammen kaɗai? Na san mawaƙin da bidiyonsa mafi farin jini yana shafin wanda ya ɗauke shi, shi ko taro bai gani ba. Wani kuma yaron shagon kwamfuta ne ya buɗe masa shafi da imel ɗinsa da layinsa, yaron ya bar gari, shafin ya bi shi. Imel naka, layi naka, lambar sirri a kanka.

Duk wannan lissafi na masu data ne, mu kuwa mun san inda muke. Bidiyon minti huɗu mai ƙarfin 1080p yakan kai megabait ɗari biyu zuwa uku bayan editin, kuma tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data a farkon 2025, kowa yana lissafin abin da zai kalla. Ɗorawa ta fi tafiya da tsakar dare. Mafi yawan waɗanda za su so waƙarka a Ƙaura Namoda ko Anka ko Gummi ba za su buɗe YouTube su ƙona data a kanka ba. Wurin masu turi za su same ta, a kasuwa ko tasha, a zuba musu a memori, ko aboki ya tura musu ta Xender. Mun ga wannan ƙarara a Satumba 2021 da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Gusau ta yi kusan wata guda ba sabis, wasu ƙananan hukumomin sun fi haka daɗewa, mutane suna tsallaka iyakar jiha don su yi kira ɗaya. TikTok da YouTube duk suka zama labari, amma ba a daina jin waƙa ba, memori ne ya riƙe gari. Saboda haka kowace hanya ka zaɓa, ka fitar da ƙaramin kwafi marar nauyi, da sunanka a rubuce a jikin hoton daga farko har ƙarshe, ka kai wa masu turi da ƙafarka. Ba su biyan ka, kai ma kada ka jira, su ne rediyonka. In za ka tura wa wani ta WhatsApp don ya ɗora ko ya gyara, tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton ya dagule. Wajen rubuta suna a YouTube kuma ka tuna mutane ba sa sa lanƙwasa idan suna nema, "waka" suke bugawa, don haka ka sa rubutun iri biyu.

Ta fuskar wurin ɗauka, waya ta fi rufin asiri. Mutum biyu da waya a gindin bishiya ba wanda zai kula. Mutum goma da fitilu da mota kuwa taro ne, sai an sanar da mai unguwa, kuma in akwai rawar maza da mata a fili, kada ka yi mamakin ganin 'yan Hisba, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a tun 1999 muke ciki. Dutsen Kwatarkwashi yana da kyau a hoto, madatsar Bakolori ma haka, amma ba na kai kowa bayan gari da kayan aiki a wannan zamani, kuma baƙon fuska mai ɗaukar hoto a ƙauye yana iya jawo wa kansa zargin zama infoma. Cikin gari akwai abin ɗauka: tsohon gini na ƙasa, layin maɗinka, tashar jirgin ƙasa, rumfar mai shayi da safe. Yarinyar da za ta fito a bidiyonka, a nemi yardar gidansu, ba tata kaɗai ba, domin abin da ya hau TikTok ba ya saukowa ko ka goge, kuma ita za ta yi aure ta bar ka da waƙarka. Harshe ma a kiyaye. A 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala ashirin-ashirin da tara saboda bidiyon TikTok da suka yi kan gwamna.

Na ce wa ɗan yayata ya bar mutanen Kano tukuna. Waƙarsa ta farko ce, ba shi da mai ɗaukar nauyi, bai san ko amshin zai kama bakin mutane ba, ni ma da nake yabonta kawunsa ne. Ya mayar da ita sutudiyo a rage kiɗan da ke danne muryarsa a baiti na biyu. Mu ɗauki guntaye biyar ko shida a tsaye da waya, kowane da wuri daban da riga daban, ya riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya cikin mako uku. A rana guda kuma mu juya wayar a kwance mu ɗauki cikakkiya sau biyu, a haɗa ta a ajiye a YouTube a shafinsa, don wanda ya ji guntu ya nemi saura ya samu inda zai je. Sauran kuɗin ya riƙe. In ya ga baƙin da bai sani ba sun fara hawa sautin, in aka fara kiransa ana tambayar nawa yake zuwa biki, ranar ni da kaina zan saɓa kyamara, in kuma ya ga aikina bai kai ba in raka shi Kano.

Ya ɗan ɓata fuska, don a ransa ya riga ya ga kansa cikin mota ana buɗe masa ƙofa. Ya juya wayarsa ya dubi bayanta, gilashin kyamarar a tsage yake tun faɗuwar da ya yi a mashin.

"Kawu, wagga ba ta yi. Sai dai in aro ta abokina."

Na ce ya aro, ya goge hotunan da suka cika ta, ya cika fawa bank, ya zo ranar Talata ƙarfe bakwai na safe kafin rana ta yi ƙarfi. Har ya kai bakin ƙofa na kira shi na ce kada ya sa farar shaddar nan tasa ta sallah.